Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗan sanda da addininsa, ina kowanne ya tsaya?

Assalamu alaikum jama'ar Ikko da kewaye. Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo a kan 'yan sanda ne, har da waɗanda ke cikin kakin da kansu suka rubuto, don haka na ba su filin gaba ɗaya. Kamar kullum na cire sunaye da lambobin waya, na kuma cire sunan duk caji ofis ɗin da aka ambata tunda bakin ɓangare ɗaya kawai muka ji.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni ɗan gwari ne a Mile 12. Ƙanena ne suka yi faɗa da wani yaro Bayarabe a kan kuɗin dako har ya fasa mishi kai da katako, aka kwashe su sai caji ofis. Ina shiga na ga mai binciken namu ne, Bahaushe, ga tabon sallah a goshinsa, na ce alhamdulillahi sauƙi ya zo. Na ja shi gefe na yi mishi Hausa na ce ya rufa mana asiri ya ɗan juya sitetimen ɗin, wallahi Malam ko kallon arziki bai min ba, cewa ya yi abin da ya faru shi zai rubuta. Yaro sai da ya kwana a sel, muka biya kuɗin asibiti kafin aka yi sulhu. Yanzu fisabilillahi wannan Musulunci ne? Ba cewa aka yi Musulmi ɗan'uwan Musulmi ba ne?
Daga wani ɗan kasuwa, Mile 12.

AMSA: Alhaji na ji zafin da ke ranka, duk wanda ƙanensa ya kwana a bayan kanta a garin da ba nasa ba ya san yadda abin yake. Amma zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi, wannan ɗan sandan shi ya yi Musuluncin, abin da ka nema a wajensa shi ne ya saɓa. Ka ce ya juya sitetimen, wato ya rubuta ƙarya a kan yaron da jini ke zuba a kansa don kawai ba ya jin Hausa kuma ba sahunmu ɗaya ba (ko kuma sahunmu ɗaya ne ma, don Yarbawan Legas Musulmi suna da yawa ƙwarai, mu ne dai muke saurin mantawa). Irin wannan ta taɓa faruwa a Madina. Malaman tafsiri sun kawo cewa wani Musulmi daga gidan Banu Ubairiƙ ya saci sulke, da ya ga asirinsa zai tonu sai aka jingina satar ga wanda bai ji ba bai gani ba, a wasu ruwayoyin Bayahude ne, danginsa kuma suka taso suka zo wajen Annabi (SAW) suna so a wanke nasu. Ayoyi ne suka sauka a Suratun Nisa'i tun daga ta 105 suka wanke wanda aka yi wa ƙagen suka hana a tsaya wa maha'inta. A surar dai, aya ta 135, an ce mu tsayar da adalci ko da a kan kanmu ne ko iyayenmu ko danginmu. Hadisin nan ma da muke yawan jawowa na taimakon ɗan'uwa ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, ai sahabbai sun tambaya yaya za a taimaki azzalumi, aka ce a riƙe hannunsa a hana shi.

Toh yanzu mu ajiye wa'azi mu yi maganar zaman Legas. Mu nan baƙi ne marasa rinjaye, ko da kakan mutum a Agege aka haife shi. In ka shiga caji ofis a Ketu ko Mushin ko Ojo, yawancin waɗanda za ka tarar a kanta ba yarenka suke yi ba. Kaga in muka yarda cewa daidai ne ɗan sanda ya karkata ga nasa, wa zai fi shan wuya? Mu ne. Ranar da ka samu Bahaushe ɗaya ya juya maka takarda, akwai ranaku da yawa da za a juya a kanka. Waɗanda suka ga rikicin Idi-Araba na watan Fabrairun 2002 da na Mile 12 ɗinku na Maris 2016 sun san kukan da mutanenmu suka dinga yi a lokacin, kukan shi ne jami'an tsaro su tsaya tsakiya kada su duba wane ne wane. Ba zai yiwu mu nemi wannan ranar da wuta ta taso mana, ranar da namu ne da laifi kuma mu nemi akasinsa ba.

Akwai zumuncin da ya halatta ka nema a wajensa kuma yana da yawa. Ya yi wa ƙanenka tafinta in ba ya jin Turanci, ya karanta mishi abin da aka rubuta kafin ya sa hannu ko ya dangwala, ya hana a dake shi, ya tabbatar ba a karɓi ko sisi da sunan beli ba don beli kyauta ne, ya kuma ga ba a ajiye shi ya wuce ƙa'ida ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 cewa ya yi a kai mutum kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kwana 2, ban da manyan laifukan da hukuncinsu kisa ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma a sashe na 36 ta hana a kama wani a madadin wani, wato da ƙanenka ya gudu ba wanda ke da ikon ya tsare ka ko matarka sai ya fito. Waɗannan duk haƙƙinku ne, kuma daga yadda ka ba da labarin yaro kwana ɗaya ya yi aka sasanta, ni a ganina mutumin nan bai cuce ku ba. In ka sake haɗuwa da shi ka ba shi hannu.

TAMBAYA: Salam Baba. Ni kurtu ne, daga arewa aka turo ni Legas. Abubuwa ne suka dame ni. Ranar Lahadi da daren shiga sabuwar shekara ana tura ni gadin coci, wani abokina ya ce ina taimakon shirka. Juma'a wani lokacin tana wuce ni ina kan aiki. Sannan in an fita hanya akwai abin da ake tarawa a raba, in ka ƙi karɓa sai a dinga maka kallon ɗan leƙen asiri. Na ƙarshe wanda ya fi ci min rai, an sha fita da mu kamen babura kuma yawanci 'yan'uwana ne, wani har kuka ya yi min yana haɗa ni da Allah da Annabi. Ina tunanin ajiye aikin. Me za ka ce min?
Daga wani ɗan sanda, Legas.

AMSA: Ɗana Allah ya yi maka albarka da har zuciyarka take tambayar waɗannan abubuwan, kuma tun farko ina roƙonka kada ka ajiye aikin nan. Irinku muke nema a ciki. In duk mai tsoron Allah ya cire kaki ya tafi, waɗanda ba sa tsoron komai za a bar mana da bindiga a hannu.

Gadin coci ba bauta ka je yi ba, rai ka je tsarewa, akwai tsofaffi a ciki akwai jarirai a bayan iyayensu. Ka tuna abin da ya faru a cocin Katolika ta Owo a jihar Ondo ranar 5 ga Yunin 2022, 'yan bindiga suka shiga ana tsakiyar ibada suka kashe mutane da dama, ka kuma tuna Babban Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014. Wanda ya ga ɗaya daga cikin biyun ba zai ce a bar ƙofar wurin ibada ba tsaro ba. A Suratul Hajji aya ta 40 an jero wuraren ibadar Kiristoci da na Yahudawa tare da masallatai cikin abubuwan da da an rusa su ba don Allah yana kare wasu mutane da wasu ba, Sayyidina Umar kuma da ya karɓi Baitul Maƙdis ya rubuta wa mutanen garin alkawarin tsare rayukansu da coci-cocinsu. Sannan ka faɗa wa abokin naka, ranar idi da muke cika fili a Agege ko Obalende mun sa goshi a ƙasa ba mai kallon bayansa, su wa ke tsaye a bakin titi cikin rana da bindiga? Da yawansu Kiristoci ne, kuma ba wanda ya ce sun musulunta.

Maganar sallah kuwa, sashe na 38 na tsarin mulki ya ba ka 'yancin addininka kuma kaki bai ƙwace shi ba, sai dai ba za ka bar bakin aiki ba kowa ka tafi ba. Abin da na ga masu dabara na yi shi ne musaya, kai ka riƙe wa abokin aikinka Kirista safiyar Lahadi shi ya riƙe maka azahar ɗin Juma'a, ku gaya wa oganku tun kafin a fitar da jadawalin mako, ba sai an kira sallah ka fara neman izini ba. Ranar da bai yiwu ba saboda tsaron rayuka ka yi azahar ɗinka, addinin ya san uzuri.

Yanzu kuɗin hanya. Nan ne fa wurin da nake so addininka ya shigo cikin aikinka da ƙarfinsa gaba ɗaya, nan ne gidansa. Abin yana ci min tuwo a ƙwarya, mutum ya dage sai ya san addinin wanda ya kama kafin ya san yadda zai yi da shi, amma hannunsa na cikin tagar danfo yana karɓar ɗari biyu a dunƙule. Annabi (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, ba a ce ban da ƙarama ba. Abokan aikinka Kiristoci ma nasu littafin bai bar su ba, a Linjila ta Luka sura 3 aya 14 sojoji sun tambayi Yahaya mai baftisma me za su yi, ya ce kada su ƙwaci na kowa, kada su yi wa kowa ƙage, su wadatu da albashinsu. Na san albashin ba ya kai wata a garin da kuɗin ɗaki ɗaya ke cinye mutum, na san halin da barikoki suke ciki, ba na raina wannan ko kaɗan. Amma direban da aka tatsa a kan fasinja zai fanshe, fasinjan kuma wataƙila mai wankin takalmi ne ɗan garinku. Ka ƙi karɓa cikin ladabi ba tare da ka tsaya yi musu wa'azi ba, za su yi ta gunaguni na ɗan lokaci daga baya su san ka da hakan su ƙyale ka. Haka in aka ce ka daki wanda ake tuhuma sai ya amsa laifi, ko ka rubuta abin da ba ka gani ba, ka ƙi. Dokar hana azabtarwa ta 2017 tana bayanka, kuma ba ta karɓar uzurin wai oga ne ya sa ni. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 da ta sa aka rusa SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi, ai irin waɗannan abubuwan ne suka taru suka haife ta, kuma ƙananan 'yan sanda irinka ne aka kashe aka ƙona musu ofisoshi.

Baburan ne masu wuya, ba zan ɓoye maka ba. Ni kaina ina da ja a kan yadda aka yi dokar hana acaɓa a Legas, tun daga hanin watan Fabrairun 2020 zuwa na 1 ga Yunin 2022 da ya rufe Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu, an raba dubban matasa da abincinsu ba a tanadar musu wani abu ba, kuma ganin ana niƙa babur ɗin da mutum ya ci bashi ya saya abu ne mai taɓa zuciya. Amma wannan faɗan namu ne mu da shugabannin al'umma da ƙungiyoyin 'yan acaɓa da 'yan majalisar jiha a Alausa, ba naka ba ne a bakin titi. In ka saki na Bahaushe ka kama na Inyamuri ko na ɗan Ibadan ka zama azzalumi, in ka saki wanda ya ba da kuɗi ka kama wanda bai da shi ka fi haka muni. Abin da ke hannunka shi ne kada ka bi mutum da gudu har ya faɗa ƙarƙashin tirela, kada ka dake shi, kada ka taɓa kuɗin da ke aljihunsa, kada ka kama a layin da dokar ba ta hana ba, ka yi mishi bayani da harshen da yake ji inda za a kai babur ɗin. Wanda ya yi maka kuka, in kun haɗu ba ka cikin kaki ka taimake shi da abin da Allah ya hore maka daga aljihunka.

Af, ga wani abu da yawancinmu ba su sani ba, asalin aikin ɗan sanda a ƙasar nan a Legas ya faro kuma da Hausawa aka faro shi. Bayan Turawan Ingila sun karɓe Legas a 1861 sun kafa 'yar rundunar tsaro wadda aka cika da Hausawa a zamanin Gwamna Glover, a 1879 ta zama Hausa Constabulary, sai a 1930 aka haɗe na kudu da na arewa aka samu rundunar ƙasa guda. Turawa sun yi haka ne don baƙo ya fi sauƙin juyawa a kan 'yan gari. Kai ba wannan ya kawo ka ba, mutanen unguwar da kake aiki su ne amanarka ko da ba ka jin yarensu.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Mijina ya dake ni har idona ya rufe, ba yau ya fara ba. Na daure na je caji ofis da goyo a bayana, ɗan sandan da na samu Musulmi ne dattijo, sai ya ce min 'yata aure ibada ne, mace ta gari ba ta kai mijinta ƙara, ki koma ki yi haƙuri. Ko a littafi bai rubuta ba. Maƙwabciyata Kirista ta ce ita ma da ta je an ce ta tafi wajen fasto. Na dawo gida ina jin kamar ni ce mai laifi. Shin na saɓa wa Allah ne da na je?
Daga wata baiwar Allah, Agege.

AMSA: 'Yata ba ki saɓa wa Allah ba, ki cire wannan daga ranki yau ɗin nan. Wanda ya rufe miki ido shi ne mai laifi, na biyunsa kuma wanda ya ga idon ya mayar da ke. Wannan wasiƙar ta fi duk sauran tayar min da hankali don a nan ne ra'ayin ɗan sanda yake kashe mutum ba tare da ya harba bindiga ba. Wataƙila dattijon a ransa alheri yake nufi, amma ba limami gwamnati ta ajiye a kanta ba, ba kuma waliyyinki ba ne, aikinsa ya buɗe littafi ya rubuta ƙorafi ya ba ki takardar zuwa asibiti ya kira wanda ake ƙara. In yana da nasiha ya bari sai an tabbatar ba za ki koma a ƙarasa ki ba. Kuma ko nasihar ce ai an ajiye ta inda ba wurinta ba, Nana A'isha ta shaida cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba, me ya sa ba a kira mijin an karanta mishi wannan ba sai ke za a karanta wa haƙuri?

Jihar Legas tana da dokar kare mutane daga cin zarafi a cikin gida tun 2007, a ƙarƙashinta kotu na iya ba da odar da za ta hana shi kusantarki ko taɓa ki, kuma neman wannan odar ba neman saki ba ne, in wannan ne abin da kike tsoro. Akwai hukumar DSVA ta jiha da aka kafa a 2021 don irin wannan matsalar kaɗai, akwai sashen kula da iyali a wasu caji ofis inda za ki samu jami'an da aka horar a kai, yawanci mata, akwai kuma ofishin OPD mai ba da lauya kyauta ga wanda ba shi da hali. Ki je asibitin gwamnati a duba idon a rubuta, ki sa a ɗauki hoto da waya kafin kumburin ya saɓe ki tura wa wata 'yar'uwa da kika yarda da ita ta ajiye. In kin koma caji ofis kada ki tsaya a kanta, ki ce DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, kike son gani, ki tafi da wata babba mai jin Turanci ko Yarbanci. In dare ya yi ya taso miki ki kira 112 ko 767, kyauta ne. Sulhun iyaye da na mai unguwa da na Sarkin Hausawa ba na raina shi, ya gyara gidaje da yawa, amma a yi shi kina wurin da hannunsa ba zai kai gare ki ba. Ki sanar da iyayenki ko yayyenki maza halin da ake ciki, ki daina rufawa.

TAMBAYA: Baba ni ɗaliba ce na gama difloma ina son shiga aikin ɗan sanda amma mahaifina ya ce ba zai bari in fita kai a buɗe ba.
Daga wata ɗaliba, Idi-Araba.

AMSA: Ki kai wa Baba albishir, wannan an wuce wurin. A watan Maris 2022 Sufeto Janar na lokacin Usman Alkali Baba ya amince mata 'yan sanda su sa ɗankwali mai rufe kai a ƙarƙashin hular kaki, ga wadda take so. A shekarar dai, ranar 17 ga Yuni, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ɗalibai Musulmi na da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Kinga wannan shi ne irin wurin da ya dace hukuma ta buɗe wa addini ƙofa, don abin da kika sa a kanki bai rage haƙƙin kowa ba. Ki karanta wasiƙar da ke sama da taki ki ga dalilin da ya sa muke buƙatarki a kanta, mace mai jin Hausa da matanmu za su iya buɗe wa ciki. Sharaɗi ɗaya ne, ranar da mai ɗan guntun siket ta zo da ƙorafi ki karɓe ta kamar yadda za ki karɓi mai niƙabi.

TAMBAYA: Malam don Allah kada ka kauce wa wannan. In jama'a suka kama wani suka ce ya zagi Annabi (SAW), ɗan sanda Musulmi ya zo ya tsaya a gabansa yana kare shi har da harba barkonon tsohuwa, ina imaninsa? Mun yi musu sosai a majalisarmu.
Daga wani matashi, Alaba Rago.

AMSA: Ba zan kauce ba ƙanena. Son Annabi (SAW) a jininmu yake, ni ma in na ji an taɓa shi jikina rawa yake, kuma ba na kare duk wanda ya yi wannan ɗanyen aiki. Amma ɗan sandan da ya tsaya a gaban taron nan imaninsa na nan daram, aikinsa ya yi kuma addininsa ya yi. Ka duba kalmar da ka yi amfani da ita, suka ce. Wa ya ji da kunnensa? Wa ya tantance shaidun? A wace mazhaba aka ba taron kan titi ikon zama alƙali da mai shaida da mai zartarwa a lokaci ɗaya? Babu. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai hukunci na hukuma ne bayan an tabbatar a gaban alƙali. Da aka kashe ɗalibar nan Deborah a kwalejin Shehu Shagari ta Sakkwato ranar 12 ga Mayun 2022 bisa zargin ɓatanci ga Annabi (SAW), fadar Sarkin Musulmi da kanta ta fito ta yi tir da kisan.

Kuma ka juyo da abin ta ɓangarenmu. A ƙarshen Maris 2025 a Uromi ta jihar Edo an tare mafarauta 'yan arewa suna hanyar komawa gida sallah, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, kafin a ce kwabo an kashe 16 an cinna musu wuta. Su ma waɗanda suka yi hakan cewa suka yi sun tabbata, su ma gani suke suna kare al'ummarsu. Duk ƙasar Hausa tambaya ɗaya aka dinga yi, ina jami'an tsaro suke, me ya sa ba a samu wanda ya tsaya a gabansu da wuri ba? Toh wanda muke so ya tsaya a Uromi shi ne dai wanda ya kamata ya tsaya a Sakkwato, ba za mu samu ɗaya mu ƙi ɗaya ba. Ku da kuke Alaba Rago kun fi kowa sanin cewa a garin nan ihun ɓarawo ɗaya ya isa a rataya wa mai tura baro taya a wuya, kuma sau da yawa namu ne don shi ne ba ya iya kare kansa da yaren da za a ji. Sashe na 10 na tsarin mulki ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa ko na jiha, rundunar 'yan sanda kuma guda ɗaya ce daga Badagry har Maiduguri, wanda ke Kano bana baɗi yana iya zama a Ikorodu inda ake bikin Oro, bikin gargajiyar Yarbawa da ake hana mata da baƙi fita. In kowa zai zaɓi wanda zai kare bisa abin da ya yi imani da shi, ranar Oro mai shayinmu da ya fito bai sani ba wa zai tsaya mishi?

TAMBAYA: In ɗan sanda ya wulaƙanta ni saboda gemuna ko yarena ina zan kai ƙara?
Daga wani mai sayar da agogo, Obalende.

AMSA: Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana a nuna maka bambanci saboda addini ko ƙabila ko garin da ka fito. Kada ka yi musu da mai bindiga a bakin titi, ka haddace sunan da ke ƙirjinsa da lambar motarsu da wurin da lokacin, in akwai wanda ya gani ka karɓi lambarsa. Ka fara da DPO na yankin, in bai yi komai ba sai Kwamandan Yanki, sai ofishin Kwamishina a Ikeja. Akwai sashen karɓar ƙorafin jama'a na CRU da aka buɗe a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, suna karɓa ta waya da WhatsApp su ba ka lambar bibiya, sama da su kuma akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ta PSC mai ikon ladabtarwa da kora. Ka sa a rubuta maka ƙorafin a takarda, ka yi kwafi biyu su buga hatimi a ɗaya ka riƙe, kuma ka sanar da shugabannin kasuwarku don su raka ka.

Masu tambaya a kan kuɗin haya da notis ɗin tashi, saƙonninku sun iso, mako mai zuwa in Allah ya kai mu da su za mu fara.